Tuffar Baba da Silifan Fada

Zelenov, watan Afrilu

Zuwa ga matata Jarmila,

Wata huɗu ke nan rabona da gida, sai yau na sami zama in gaishe ki a takarda. Yaya jikinki, yaya gwiwar nan taki? Ina fatan sanyin bana bai tayar miki da ita ba. Yaya 'yarmu Anezka da karatu? Ni lafiya lau nake, in ban da ciwon bayan da kika sani.

An buɗe tsohuwar fadar da nake yi wa aiki ga baƙi masu zuwa kallo tun farkon wata. Motoci sun fara sauke mana 'yan makaranta da tsofaffi 'yan fansho. Su zaga ɗakuna su kalli gadon da wani mai sarauta ya mutu a kai, su fito lambu su taka mini ciyawa daidai inda aka rubuta kada a taka. Shekara shida ina aikin lambun nan a ƙarshen ƙasa, har yanzu in na buɗe baki a kanti sai an ji harshen yankinmu an ce, "Af, ɗan Moraviya ne."

Na ga abin da kika rubuto, cewa sun gama tumɓuke gonar Baba, har sun fara zuba kankare. Kin ce in kira Radim. Ba zan kira shi ba. Ba na cewa ƙanen nawa ɓarawo ne. Rufin gidan yana yoyo, kuma shi ya yi jinyar Baba shekara uku, ni ina nan ina yi wa shingen wasu aski. Wannan duk na sani. Amma gonar da kakanmu ya dasa da hannunsa, ai ko kiran waya ɗaya ta cancanta kafin a sa hannu a sayar wa masu gina ɗakin ajiyar kaya.

Kin tuna abin da na naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida ranar da zan taho, kika tambaya na ce ba komai? Rassa ne na yanko daga tsohuwar tuffar nan ta bakin rijiya, mai ja a gefe ɗaya, wadda Inna take busarwa a kan murhu. Ba ta da suna a littafi, kuma ban taɓa ganin irinta a ko'ina ba. Na yi musu aure da ƙananan saiwoyi guda arba'in, na dasa a bayan ɗakin gilashi, jikin katanga, inda baƙi ba sa zuwa. Pani Kamila, shugabar fada, ta ba ni wurin ba tare da dogon zance ba. Talatin da ɗaya sun kama, sun fara fitar da ido. Uwar ta tafi, waɗannan su ne kaɗai suka rage a duniya. Kada ki damu, hannuna bai manta abin da Baba ya koya masa ba.

Wadda ta hana ni sakat ita ce Pani Otilie, tsohuwar da take zama a ƙofa da kwandon silifa, waɗannan manya na ulu da baƙi suke zurawa kan takalmansu don kada su karce katakon daɓe. Shekara talatin tana gadinsu kamar 'ya'yanta. In ta hango ni sai ta ɗaga murya, "Malam mai taɓo, tsaya nan! In ka tako mini ciki, da kwandon nan zan rufe ka." Ni kuma in ce mata ta bari sai ta iya ɗaga shi. Haka muke kullum.

Ki gai da Anezka, ki gai da maƙwabta. Ki riƙa shafa maganin gwiwar.

Mijinki,
Vendelin

Zelenov, tsakiyar Mayu

Jarmila tawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ke da yarinya. Na karɓi ƙunshin da kika aiko, burodin mai 'ya'yan itace ya iso a farfashe amma ko ɓurɓushi ban bari ba. Hannuna yana wari irin na jiƙaƙƙiyar tunkiya, in kin ji takardar nan tana yi, ga dalili.

Kin san Waliyyan Sanyi uku, waɗanda sanyi yake dawowa a ranakunsu a tsakiyar Mayu, ba sa saɓa alkawari. Pankrac da Servac sun wuce lami lafiya, har na fara cewa bana sun manta da mu. Ashe Bonifac ne ya tara nasa. Ranar Lahadi da rana iska ta tsaya cak, sama ta yi tas babu gajimare ko ɗaya, rediyo ya ce raɓa za ta daskare kafin gari ya waye. Itatuwan lemo suna cikin ɗakin gilashi, su ba abin tsoro. Amma furannin gaban fada an riga an dasa, saboda bikin auren da za a yi a lambu ranar Asabar.

Pani Kamila ta ce duk ƙyallen rufi da muke da shi a kai kan furanni. Na ce mata tuffata fa? Ta dube ni ta ce, "Pan Vendelin, babu wanda yake sayen tikiti don ya leƙa bayan ɗakin gilashi." Raina ya ɓaci, amma gaskiya ta faɗa, da ni ne a kujerarta haka zan yi. Muka shimfiɗa ƙyalle har ya ƙare, bai ma ishi furannin ba. Na nemi bambaro, babu. Buhunan da suka rage na roba ne, su kuma kashe ganye suke yi in sanyi ya kama su. Na je na tsaya kan 'yan itatuwan nan, kowanne bai wuce taƙi guda ba, da ganye sabo laushi kamar kunnen jariri.

Sai ga Otilie ta zagayo da mayafinta, wai ta zo ganin abin da ya hana ni zuwa in ɓata mata rai yau. Na gaya mata. Ta kalle su, sannan ta ce, "Kai dai ɗan Moraviya, tsawo ne kawai babu dabara. Je ka kafa tsinke a gefen kowanne."

Zagaye na ƙarshe na ranar tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa ne daga Plzen, mota guda, maza da mata. Da suka fito daga ɗakuna suna shirin jefa silifa a kwando, sai ta tare ƙofa ta ce kowa ya riƙe nasa a hannu ya biyo ta. Jarmila, matar da ba ta yarda silifa ɗaya ya taɓa matakalar waje! Wani mai ƙaton ciki ya ce, "Pani, wannan ma yana cikin kuɗin tikiti?" Ta ce masa, "Naka kyauta ne, Baba, ko cikin zai ragu." Matarsa ta fi kowa dariya.

Suka jeru a bayanta cikin lambu kamar masu zuwa coci, kowa da silifa bibbiyu. Na nuna musu yadda za a kifa shi kan tsinke ya rufe itacen kamar hula, ba tare da ya danne ganye ba, sannan a ɗora na biyu daga ɗaya gefen. Da na ce tuffar mahaifina ce kuma an sare uwar, surutu ya ragu. Wata tsohuwa ta ce su ma an yi musu haka da gonar itatuwan ceri, hanya ce ta bi ta kai. Mai ƙaton cikin nan shi ya fi kowa durƙuso, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Direbansu yana ta danna oda a bakin ƙofa, babu wanda ya waiwaya.

Pani Kamila ta leƙo ta taga ta ga silifan fada sittin da wani abu a tsaye cikin ƙasa. Na zaci ranar barin aikina ce ta zo, da na Otilie. Sai ta ce ita idonta ba ya gani sosai da yamma, amma ranar Talata da safe tana so ta ga kwando cike, busasshe. Allah ya taimaka Litinin fada a rufe take.

Da gari ya waye ciyawa ta yi fari fat, tana ƙara in an taka. Ban cire silifan ba sai da rana ta ɗaga. Wasu ganyen sun yi baƙi, musamman na gangaren katanga inda sanyi yake kwanciya. Sauran kore suke. Ba zan faɗa miki adadi ba tukuna, itace yakan yi ƙarya a makon farko. Jiya wuni na yi ina goge taɓo da buroshi ina shanya a jikin bututun ɗumi na ɗakin gilashi, Otilie tana zaune tana duba kowanne, tana mayar mini da rabi wai ban wanke ba.

Ki kula da kanki. Ki ce wa Anezka na ga hoton da ta aiko.

Naki,
Vendelin

Zelenov, farkon Yuni

Jarmila,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kin sami sauƙin ƙafar. Mu nan lafiya. Bikin ya wuce, furanni sun yi kyau, amarya ba ta san abin da aka sha ba, haka kuma ya kamata.

Kin ce Radim ya tare ki a hanya yana tambayar ko gaskiya ne na ɗebo rassan, ya kasa haɗa ido da ke. To, ki ce masa gaskiya ne. Har yanzu ban shirya jin muryarsa ba, kada ki yi mini alkawarin da ban yi ba.

In aka rufe fada a ƙarshen Oktoba, ganye ya zube, zan tono su in naɗe saiwar in taho. Kafin nan, in gwiwarki ta yarda, ki hau jirgi ki zo ki ga wurin nan sau ɗaya. Rabonmu da zaga lambu tare tun zuwanmu na garin Kromeriz, kafin a haifi yarinya. Otilie ta ce za ta ba ki silifa marar huji, wai alfarmar da ko kansila ba ya samu.

Ga abin da na tsira da shi. Arba'in na yi wa aure, talatin da ɗaya suka kama, sanyi ya ci takwas, saura ashirin da uku. Goma za su zauna nan jikin katanga, Pani Kamila ta ce za a buɗe wa baƙi hanyar wurin. Ɗaya na Otilie, ɗaya na mai ƙaton cikin nan, ya bar mini adireshi. Tara namu ne, ki fara tambayar wanda zai ba mu aron gefen gona. Biyu na Radim. Ba sulhu ba ne. Baba ubansa ne shi ma.

Mijinki,
Vendelin