Zulai Ba Ta Makaranta

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaishe ka, ina gai da Anti Rabi da yara. Ya ciwon ƙafar taka? Ya zaman Fatakwal? Mu muna nan, ana ta haƙurin rashin Malam.

Shekaranjiya wata ƙawar 'yata Zulai ta shigo gaishe ni, ta ce, "Inna, ai Zulai tana ƙoƙari wajen aikin agaji a Bunkure." A nan na gane ba ta makaranta. Ashe tun da ruwa ya ɓalle ya cinye gidajen mutane, ta bi masu agaji zuwa firamaren da aka tsugunar da mutanen.

Na kira ta. Ta ce, "Inna, amai da gudawa ake yi, matan kuma ba sa yarda namiji ya duba su. In na tafi, wa za su samu?" Na ce to jarrabawar ƙarshen fa? Ta ce Allah zai kawo mafita.

Yaya, raina ya ɓaci. Ni ban ƙi taimako ba. Amma noman rani Malam ya yi ta yi don karatun aikin lafiyar nan nata, burinsa ta gama ta kama aiki a asibitin garinmu. Ga ni cikin takaba, ba halin in je in kamo hannunta.

Don Allah ka kira ta, tana jin nauyinka. Ka sa mu a addu'a, ka gai da su Kawu Iliya.

Jarrabawar mako mai zuwa ce, kuma har yau ba ta koma ba.

Ƙanwarka,
Hadiza