Sun Toshe Ƙofar Tumba

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai mu nan Gummi lafiya lau muke, in ka cire gwiwoyina, in ka cire gidanka. Kada ka yi wa rubutun nan dariya. Na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda ka ce ba zan yi sati biyu cikinsa ba.

Shekara shida da rasuwarka, ɗanka na fari, wanda har yau ban faɗin sunansa, ya turo ɗan kwangila daga Gusau a gyara gida. Wani dogo mai takarda a hammata. Ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango kamar mai sayen kankana, ya ce duk ƙasa ce, sai an sa bulo.

Maginansa suka kware rufin ɗakina. Suka rushe zaurenka, suka haƙa rami a ƙofar gida mai kai wa mutum ƙugu, suka gitta katako ɗaya a kai. Daga nan ɗan kwangila ya samu wani aiki Bukkuyum, ya kwashe maginansa. Yau sati bakwai. Ɗakin girki nake kwana, ni da tukwane da kaza mai kwanci. Jikokinka na tsallake katakon nan kamar awaki. Ni sau ɗaya na ɗora ƙafa, ya lanƙwasa, na koma da baya. Wai cewa suke na shiga takaba ta biyu. Na ce musu da mazan kirki ne su, da sun goya amaryarsu sun fitar.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Malam, sun toshe ƙofar Tumba.

Ka tuna 'yar ƙofar nan ta bayan rumbu, wadda ka fasa da hannunka a katangar da ta raba mu da maƙwabciyata? Ka ce, "Na gaji da hirarku ta saman katanga, duk unguwa na ji." Shekara arba'in ta nan garwashi ke wucewa, da gishiri, da gulma. Ta nan Tumba ta shigo ta karɓi haihuwata. Ta nan ta shigo ranar da aka fita da kai, ta riƙe ni.

Ba ka sani ba, idon Tumba ya tafi bara waccan. Hanyar ƙofar nan kaɗai ƙafarta ta haddace, ba ta iya zagayowa ta titi. Washegarin da aka gama sabuwar katanga na ji sandarta tana bugun bulo, tana neman wurin. Ta daɗe tana nema.

Na yi wa ɗan kwangila magana kafin ya ɓace. Ya warware takardarsa ya nuna mini da yatsa, wai babu ƙofa a zanen. Na aika wa ɗanka, ya ce in yi haƙuri, gidan zamani ba a bar masa kafa, saboda ɓarayi. Me za su sata? Kazar?

To ga abin da na yi, kuma kada ka haɗe gira. Babban maginin ya ce lallai a riƙa shayar da katangar ruwa safe da yamma, in ba haka ba zafin bazara zai tsattsaga simintin. Ka ji fa, ni zan shayar da kurkukuna! Na ce to. Na shayar da ko'ina har ya ƙoshi, ban da wurin ƙofar. Shi ko ɗigo.

Ya tsage kuwa. Na ɗauko tsohon laujenka na yankan shinkafa, kullum bayan la'asar ina zaune kan turmi ina ƙwaƙule tsakanin bulo. In na ji motsin mutane sai in rataya tabarma a wurin, wai shanya nake. Tumba na taya ni daga can da bakin sandarta, tana zagina wai na cika nawa.

Jiya bulo ɗaya ya fita. Ɗaya tak, Malam. Hadari ya fara haɗuwa gabas, ɗakina ba rufi, in dogon nan ya dawo kuma zai liƙe aikina cikin rabin yini. Na sani. Amma ban gama share ƙurar ba sai ga hannu ya shigo ta ramin, duk ya rame, yana lalube, da ɓarin goro a tafinsa. Na kama. Muka zauna haka har aka kira magariba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi fiye da ɗakin girkin nan. In Ya sa mun dace da Aljanna, ka roƙa mana maƙwabtaka da Tumba, kuma ka fasa ƙofar tun kafin in iso.

Taka mai yawan magana,
Hajo