Baƙar Leda a Sabon Inji

Daren Lahadi, bayan Isha'i

Yau na fara fita da tsohon jirgin ruwan Baba tun da Malam Habu bakanike ya ɗora masa sabon inji da farfela. Na ɗauko mata 'yan cin kasuwar Ɗanbatta. A tsakiyar dam ruwan da ke sanyaya injin ya ɗauke, hayaƙi ya turnuƙe, mata suka ɗau salati. Da filafili na kawo mu gaɓa.

Ina sauka na tarar da Ɗanlami mai ɗaya jirgin, wanda fasinjojinsa suka dawo jirgina, yana dariya. Ya ce, "Direba, ina gudun?"

Na ce, "Kai ka cusa wa injina yashi!" Na maka masa filafilin a baki. Ya faɗi cikin taɓo, na hau ruwan cikinsa, sai da mutum uku suka ɓamɓare ni. Haƙora biyu ya tofar.

Da la'asar Malam Habu ya kwance injin. Baƙar leda ya zaro daga mashigar ruwan, ya miƙo mini, ya ce injin ne ya zuƙo ta daga dam, babu yashi ko kaɗan.

Ɗanlami yana asibiti. Baba ya ce gobe ni zan fara shiga in gaida mahaifiyar Ɗanlami. Ban san da wane ido zan dube ta ba.