Gwaje-gwaje Goma Sha Huɗu da Aka Toshe wa Baki

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai laifi. Yaya jiki, yaya ƙafar? Ina fatan kin daina kafewa a kan keken ɗinki tun safe har la'asar kamar likita da bango ya yi magana. Ki gaida min maigidanki da 'yan matanki. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Kin yi ƙorafin wata uku ban rubuto ba, kuma kin ce in na kira a waya ba kya jin komai sai hayaniya. Rabin laifin na kunnenki ne, rabi nawa, don a 'yan kwanakin nan hayaniyar nake yi. To ga takarda, ki karanta a natse.

Kin sha tambayata mene ne wannan aikin da ya cinye min shekara biyu. Na'ura ba ta gane abin da mu masu rubuta manhaja muke rubutawa. Akwai wata babbar manhaja da ake kira kwamfaila, ita ke ɗaukar rubutunmu ta mayar da shi umarnin da ƙwaƙwalwar na'ura za ta bi. Kowace irin ƙwaƙwalwa da irin umarninta. Kamfaninmu ya ƙera sabuwa, ba ta fi farcen babban yatsa ba, za a riƙa sa ta a firjin ajiye magani, kuma kwamfailar ba ta san ta ba. Aikina shi ne in koya mata. Ki ɗauka an kawo miki mutum mai wani irin jiki da ba ki taɓa aunawa ba, aka ce duk wani ɗinki da kika iya a duniya sai ya zauna masa daram.

Kwamfailar ba ta wani kamfani ba ce. Ta kowa ce, kyauta, mutane daga ko'ina ke haɗa hannu a kanta. Amma ba kowa ya kwaso tarkacensa ya zuba ba. Kafin a karɓi aikinka sai wani daga cikin manyansu ya karanta ya amince. Wanda Allah ya haɗa ni da shi ban taɓa ganin fuskarsa ba, ni na sa masa suna Mai Jan Biro. Sau goma sha tara yana dawo min da aikina, Yaya. Akwai ranar da ya dawo da shi saboda na bar fili biyu inda ya kamata in bar ɗaya. Ni da na karanta duk littafin da ya karanta, na haifi uku na aurar da ɗaya, wai wani bawan Allah ne zai koya min inda ake sa waƙafi.

Juma'a ta sama za su rufe ƙofa. Abin da bai shiga ba sai bayan wata shida, kuma Manajanmu ya riga ya yi wa masu ƙera firjin alkawari. Sharaɗi ɗaya ya rage, wato gwajin aikinmu ya ci gaba da fitowa lafiya. A ƙarƙashin teburin Dogo, abokin aikina na shekara goma sha biyar, akwai wani ƙaramin allon lantarki da ƙwaƙwalwar a jikinsa, yana yin gwaji sama da dubu huɗu a kowace rana, yana aika sakamako wani shafi da kowa ke gani. Kore in lafiya, ja in akwai matsala. Namu kore ne wata biyu cur. In aka karɓa, sunana za a rubuta a jerin masu ɗaukar nauyin wannan ɓangaren, duk abin da ya lalace ni za a nema. Ba zan ɓoye miki ba, ina son wannan layin guda.

Ki sa ni a addu'a, ki kuma sa Mai Jan Biro, Allah ya sassauta masa ido.

Taki har kullum,
wadda kike kira Masifatu

Ranar Litinin

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gida. Na ga saƙonki a hannun direban da kika ba, na gode da rigar, ta zauna min, sai dai hannun ya ɗan yi tsawo. Kada ki ce na ce.

Yau ba zan iya doguwar gaisuwa ba, jinina tafasa yake yi.

Ranar Alhamis Mai Jan Biro ya aiko da tambaya ɗaya. Wai me ya sa adadin gwaje-gwajen da allonmu ke yi ya gaza na allunan sauran mutane da goma sha huɗu. Na yi tsaki har na kusa da ni ya waiwayo. Na ce a raina yau sai na kunyata mutumin nan, na zauna in nemo masa hujja. Ashe ni zan sha kunyar.

Akwai wata 'yar takardar umarni a cikin aikin inda ake lissafa gwajin da za a tsallake. Halal ce a sana'armu, in akwai dalili kuma an rubuta dalilin. Na buɗe tamu na tarar da goma sha huɗu a jere, babu dalili ko na kalma ɗaya. Na cire su daga jerin na sa allon ya gwada a gefe, ba tare da ya aika sakamakon shafin ba. Duka sun faɗi, babu wanda ya tsira.

Kuma duk abu ɗaya suke faɗa. In aka raba lambar da ke ƙasa da sifili, littafin bayanin ƙwaƙwalwar ya ce amsa kaza za ta bayar, ita kuma tana ba da wata, da kuskuren ɗaya. Ni na bi littafi. Masu ƙera ta sun bi son ransu, ba su gyara littafin ba. Kuskuren ɗaya ba komai ba ne a kasuwa. Amma ki tuna inda za a sa abin nan. Firji aikinsa kenan, lissafin sanyin da ke ƙasa da sifili.

Na tare Dogo a matakala. Bai ma yi gardama ba. Ya ce wata biyu da suka wuce Manaja ya tsaya masa a ka, baƙi za su zo, ba ya son su ga ja a shafin. Ya toshe su da niyyar buɗewa in baƙin sun tafi, sai aiki ya sha kansa ya manta. Yana magana yana kallon takalminsa kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya, mutum da furfura a gemu.

Na wuce ofishin Manaja ban ƙwanƙwasa ba. Ya saurare ni yana juya cokali a kofin shayi. Shawararsa ita ce mu yi shiru har Juma'a, a karɓa, sai mu gyara daga baya a hankali, tunda a saninsa manhajar masu firjin ba ta raba irin waɗannan lambobi. A saninsa! Mutumin da in injin buga takarda ya maƙale sai ya kira mutum uku. Na tambaye shi sauran jama'ar duniya fa, da za su ɗauki kwamfailar su yi abin da ba mu sani ba, sun ga kore sun yarda. Ya ce in rage zafi, ba a san ni da son ɓata aikin hannuna ba.

Gyaran na gaskiya zai ci wata guda ko fiye, ba a fafe gora ranar tafiya. Na fara rubuta wa zauren masu kwamfailar saƙo, inda kowa zai karanta. Sunan Dogo na ciki, a layi na biyu. Shekara goma sha biyar ko ɗari, wanda ya yi shi zai ɗauka.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Masifatu

Ranar Laraba

Yayata,

Ina miki fatan alheri da ƙarin sauƙi. Wannan wasiƙar za ta iske ki kusan tare da ta shekaranjiya. Ki karanta waccan tukuna, sannan ki zauna da kyau, don za ki yi min dariya, kuma na cancanta.

A sana'armu ba a goge tarihi. Kowane layi da aka taɓa, akwai rubutaccen wanda ya taɓa shi, da ranar, da kuma wanda ya duba ya amince, domin ko a cikin ofis ba a shigar da gyaran mutum sai abokin aikinsa ya sa hannu. Jiya da safe na buɗe tarihin don in ɗauko ainihin ranar da Dogo ya yi aika-aikarsa, in liƙa a saƙon yadda babu mai musu. Na samu ranar. Na samu sunansa. A ƙarƙashinsa, inda aka rubuta wanda ya duba ya amince, sunana ne.

Na tuna ranar. Ya turo min gyare-gyare wajen talatin a dunƙule, ina sauri zan je ɗaukar sakamakon asibitin surukata. Na karanta biyar na farko, na ga aikin Dogo ne, na san hannunsa, na danna amincewa a kan sauran ina neman makullin mota a jaka. Layi goma sha huɗu ne kacal, Yaya. Da na buɗe, ko da rabin ido zan gani.

Laifi tudu ne, in ji ku manya. Ni kam na taka nawa har na shimfiɗa tabarma a kai ina hango na Dogo. Na fi awa guda zaune ina kallon sunan nan. Wata shida ina zagin mutumin da ke karanta kowane layi, ni kuma ga abin da rashin karantawa ya haifa min. Fushin bai tafi ba, gida kawai ya sauya.

Na goge saƙon na sake rubutawa. Na faɗi abin da ƙwaƙwalwar ke yi da abin da littafinta ya ce. Na ce an toshe gwaji goma sha huɗu ba tare da dalili ba, ni na amince da toshewar ban karanta ba, don haka koren da suka gani wata biyu ba gaskiya ba ne. Na ce aikin bai isa shiga ranar Juma'a ba. Ban ambaci Dogo ba, ban ambaci Manaja ba. Tarihin a buɗe yake, mai so ya duba.

Kafin in tura na je na shaida wa Manaja cewa ƙarfe goma zan aika, don kada ya ce na yi masa yankan baya. Ya yi lallashi, ya yi barazana, ya tuna min cewa kamfani ke biyana albashi ba mutanen zaure ba. Na ce haka ne, amma jerin da za a rubuta sunan mutum ake sa wa, ba na kamfani ba, kuma ba zan sa nawa a kan abin da na san ruɓaɓɓe ne ba. Ƙarfe goma da minti biyu na tura. Na buɗe gwaje-gwajen, shafinmu ya koma ja a gaban duniya. Na tashi na je na wanke kofuna a kicin ɗin ofis, har da waɗanda ba nawa ba.

Maigida ya ce in gaishe ki. Shi dai ya ce in an kore ni zai samu mai taya shi hira.

Taki,
Masifatu

Ranar Asabar, bayan mako uku

Yaya abar alfaharina,

Gaisuwa da girmamawa. Na ji daɗin jin kin fara taka ƙafar har bakin titi. Wasiƙarki ta iso, na kuma ga inda kika ce ke ma kin taɓa yanke yadin amarya da awon wata mace daban. Ba ki taɓa gaya min ba, munafuka.

Ga yadda ta kaya. Aikin bai shiga ba. Mai Jan Biro ya amsa da layi huɗu. Ya ce an cire mu daga wannan zagayen, a bar shafin ja har sai an gyara da gaske, ya taɓa ganin irin wannan cutar a wata ƙwaƙwalwa shekara ashirin da suka wuce ga kuma yadda suka yi da ita, sannan in na dawo bayan wata shida shi zai duba. Ba yabo, ba zagi. Maganar sunana a jerin ba a tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba a kore ni ba. An karɓe shugabancin rukuninmu da nake riƙe da shi an ba wani, an mayar da teburina kusa da ƙofa inda kowa ya shigo sai iska ta kwashe min takardu. Kwana biyu a mako aka yarda in taɓa kwamfailar. Masu firjin sun ce suna bincika manhajarsu. Ban san me za su gano ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na ceci ran wani ba. Mai yiwuwa Manaja ya yi gaskiya, ba sa raba irin lambobin. Har yau in na tuna wata shidan nan da za mu jira sai in ji kamar in fasa wani abu.

Dogo ya yi kwana goma ba ya haɗa ido da ni. In na shiga kicin ya fita. Na ƙyale shi, don ni ma ban san me zan ce masa ba. Ranar Litinin sai ga saƙonsa ta hanyar aiki, babu ko sallama. Gyara ne na guda uku daga cikin gwaje-gwajen, layi talatin da ɗaya, yana neman in duba. Na ajiye komai na karanta, na samu kuskure a layi na ashirin da shida, na mayar masa. Daga inda nake na ji tsakinsa. Ya gyara ya sake turowa, na sake mayarwa. A karo na uku na sa hannu, ya taso da kansa ya tsaya a bayana muna kallon allon yana aiki har ukun suka wuce.

Saura goma sha ɗaya. Ranar Talata za mu kama na gaba.

Ki gaida maigida da 'yan mata, ki kuma ji tausayin ƙafar nan. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Masifatu