Wanda Suke Kira Baba Lasa Mahaifina Ne

Salama a gare ku jama'ar wannan zaure. Na roƙi mai kula da zauren ya tura muku wannan saƙo ba sunana ba adireshin imel ɗina, domin akwai waɗanda suka san ni a cikinku. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta, Alhamis mai zuwa za a yi abin.

Ni 'yar Zuru ce, amma a barikin soja na Kaduna na tashi, na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo kafin aure ya kai ni Abuja. Bara na samu aiki a wani kamfani da ke haɗa manhajar kwamfuta yana sayar wa gwamnatoci da ƙungiyoyin raya ƙasa na waje. Aikina duba Hausa, duk abin da kamfanin zai fitar cikin harshen sai ya bi ta teburina. Sunan mijina nake amfani da shi, su kuma da suka ji bakina sai suka ɗauka Bahaushiyar Wusasa ce, ban gyara musu ba.

Akwai wani aiki da aka fara tun kafin in zo. Manomi zai kira wata lamba kyauta, murya ta ce masa ya latsa ɗaya in maganar taki yake so, ya latsa biyu in ta lafiyar iyali ce. A Zuru da Mahuta da Dirin Daji aka shirya gwada shi. Wakilin kamfanin na can ya nemi dattijon da mutane suka sani ya ɗauki muryarsa, sai ya faɗa kan mahaifina, tsohon saja, wanda shi ke karanta Littafi a cocinsu wajen Kanya. Da Baba ya ji kamfani ɗaya ne da wanda ya ɗauke ni, sai ya daina kirana da suna, ya koma "abokiyar aikina". Ni kuwa a ofis ban gaya wa kowa mahaifina ne ba, na ce a raina bari in ji faifan tukuna, domin na san Hausar Baba. Da C'lela, yarenmu na Zuru, ya tashi, Hausa a soja ya tsince ta. Ba ya raba namiji da mace, kuma "tsa" ba ta fita a bakinsa, "sa" yake cewa.

Sai ƙungiyar waje mai ba da tallafin aikin ta ce a faɗaɗa aikin zuwa Kano da Jigawa, aka kira miting aka kunna faifan. Muryar Baba ta fito a nutse, irin ta karatun coci, ya ce, "Idan matarka ya haihu, ka lasa biyu." Ɗakin ya rushe da dariya. Wani injiniya ya ɗaga wayarsa yana kai mata harshe, wata ta ce ashe shi ya sa wayoyin ƙauye ke saurin lalacewa, Ogan kamfanin da kansa ya sa aka maimaita wajen har hawaye ya zubo masa. Nan take aka raɗa masa Baba Lasa. Da suka lafa Oga ya juyo ya ce Madam ke ce gwana, me kika gani, na ce ba Hausar da za a sa wa jama'ar jihohi uku ba ce. Gaskiyar aikin ke nan kuma har yanzu ban canja ra'ayi ba. Ban yi dariya ba, amma ba wanda ya lura. Aka ce ni zan sake ɗauka da muryata, na shiga ɗakin ɗaukar sauti na yi, ta yi kyau.

Na ɗauka abin ya tsaya nan. Ashe injiniyan nan ya yanke wajen ya ɗora masa kiɗa ya mai da shi ƙarar shigowar kira, ya raba ta bulutut. Yanzu a ofis in waya ta yi ƙara, mahaifina nake ji. In mutum ya manta abu sai a ce masa je ka lasa biyu. Shekaranjiya Emeka, wani Inyamuri mai shagon waya a Zuru da ya san gidanmu, ya kira ni ya ce abin ya iso gari, samari 'yan acaba suna zuwa ya sa musu a memori, shi ya gane muryar ya ƙi, amma na kusa da shi yana sawa. Ya ce, "Anti, wannan ba kyau, Baba mutum ne babba." Shi ma da tasa Hausar ya faɗa.

Ga abin da ya kawo ni. Ranar Alhamis za a ƙaddamar da aikin a Zuru, da manyan gwamnati da Turawan ƙungiyar. Oga ya tsara cewa a gaban taro za a kunna tsohon faifai sannan sabo, don masu tallafi su ji ci gaban da aka samu, ya ce ko wanda bai jin Hausa in ya ga mutane na dariya zai gane bambanci. Na ce masa mutumin zai kasance a wurin, wakilinmu ya riga ya gayyace shi kuma layin gaba aka ba shi. Ya ce ai an biya shi tun lokacin, muryar ta kamfani ce, kuma irin waɗannan mutanen daɗi suke ji in an kunna su a lasifika, ba sa gane me ake wa dariya. Na ce ko a bar wannan jimlar a sa wata, ya ce ita ce ma mai aiki. Daga nan ya tambaye ni me ya dame ni da tsohon, na ce ba komai.

Baba bai san an cire shi ba. Ya gaya wa coci kaf, an sanar daga kan bagade, ya kai lambobinsa na soja an goge, mutanen unguwarsu sun shirya mota za su raka shi. Kuma Oga bai san shi ba, Baba yana gane dariya sarai. A bariki ya sha ta wajen hafsoshi Hausawa, shi ya sa muna yara yake zaunar da mu gaban rediyo ya ce mu maimaita, wanda ya yi magana irin tasa ya sha ranƙwashi.

Mijina ya ce in yi wa Baba ƙarya an ɗaga taron, to ai rabin garin za su je, zai ji. In na gaya wa Oga mahaifina ne wataƙila ya fasa kunnawa, amma zan zama 'yar Baba Lasa da ta zauna ana lasar waya a gabanta ba ta tanka ba, kuma duk da haka muryata Baba zai ji ranar a madadin tasa. In na gaya wa Baba gaskiya zai tambaye ni wa ya ce Hausarsa ba ta yi ba, ni ce na faɗa, kuma ban saba yi masa ƙarya ba.

Ɗazu da rana ya kira ni. Ya ce yana tunanin za a iya cewa ya tashi ya faɗa da bakinsa a gaban manya, don haka yana ta bita a gona, in saurara in ji. Ya karanto mini saƙon tun daga gaisuwa har ƙarshe, bai tsallake komai ba, sannan ya ce, "Abokiyar aikina, ya yi daidai?" Na ce sabis ba kyau, na kashe. Ya sa ƙanena ya turo mini tes cewa gobe bayan sujadar coci zai sake kira.

Jama'a, in ya kira goben me zan ce masa?