Surukina Ya Ɗaure Farfelar Jirginsa Tamau, Kunya Ta Hana Ni Magana

Inna Adawiyya, assalamu alaikum. Don girman Allah ki agaza mini kafin Asabar. Damuwar tawa irin wadda ba a kai wa majalisa ba ce, don dariya za a yi mini. Ke ma na san za ki yi, to ki yi ki gama, sannan ki ba ni shawara.

Surukina dattijo ne a Ƙofar Kware. Ba zan kama sunansa ba, Baba nake ce masa. Gyaran keken ɗinki ya yi duk rayuwarsa, telan da ya kwana biyu a Sakkwato ya san hannunsa. Da ciwon baya ya matsa masa, 'ya'ya suka sa shi ya rufe shago, sai ya koma zaman zaure, ba uhm ba uhm-uhm, abinci ma sai an yi da gaske. Ana nan sai ga taubashinsa Alhaji Maigandi da wani ɗan jirgin ruwa na wasa, mai batir, wanda ake tuƙawa da rimot daga bakin ruwa. Ɗan Maigandi ne ya aiko masa daga waje. Ba kyauta ya kawo ba, tsokana ya zo yi, kin san halin taubasai. Ya ce wa Baba wannan ya fi ƙarfin masu gyaran keke.

Inna, wannan maganar ce ta tayar da Baba daga tabarma. Ya nemo katako ya fere jirgi da hannunsa, ya shafa masa koren fenti, ya sa aka kawo masa inji da rimot ya haɗa. Yanzu duk Asabar da la'asar tsofaffin nan suna bakin tafkin lambun Maigandi a hanyar Kware, suna tsere suna yi wa juna tsiya. Baba kuwa ya dawo cin tuwo har da neman ƙari.

Matsalar ta faro ne da ya sake inji ya sa mai ƙarfi. Shaf ɗin jirgin, wato siririn ƙarfen da ke kai juyi daga inji zuwa farfela, da sandar tsohon keken ɗinki ya yi shi, sai sabon injin ya lanƙwasa shi. Jirgi ya kama karkarwa da ƙara, Maigandi ya raɗa masa suna Injin Markaɗe. Abin ya yi mini ciwo wallahi. Ni ma'aikacin ofis ne, ko kwan fitila ya mutu a gida sai na yi shawara, amma na zauna na kalli bidiyo a waya har na gane abin da ake bukata. Na yi odar sabon shaf daga Legas, irin mai lanƙwasa, wayoyin ƙarfe ne aka murɗe kamar igiya, da bututunsa da komai. Na naɗe a leda na ba matata Shamsiyya ta kai.

Ranar Juma'a na je gaisuwa. Ina tsugune bakin zaure, kaina a ƙasa, sai Baba ya sa aka miƙo mini jirgin in gani. Aiki ya yi kyau, tsaf, ba a magana. Amma da idona ya kai ga farfela sai na ga ɓarna. Shi irin wannan shaf idan inji ya ja shi, murɗewa yake ƙara yi ya ɗan gajarce, don haka dole a bar masa 'yar rata a baya, tsakanin mariƙin farfela da bakin bututu, kamar kaurin wayar. Mai kayan da ya sayar mini ya nanata mini wannan har na gaji. Baba kuwa ya matse shi ƙam, ko takarda ba ta shiga. Har yana nuna wurin da yatsa yana cewa, "Wanga wuri sun bar shi lako-lako, ni na gyara musu." Mutumin da ya tsufa yana ɗaure abin da ya yi sako-sako, ina zai ga rata ya ƙyale? Sannan maimakon giris, man keken ɗinki ya ɗiga masa, wanda ruwa zai wanke tun kafin a kai tsakiyar tafki. Ga shi da son mayar da jirgi da baya, wai kamar bitar ɗinki, alhali juyin baya warware wayar yake yi.

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne madalla.

Inna, ki fahimce ni. Tunda na auri ɗiyarsa magana tsakanina da shi ba ta wuce gaisuwa ba. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Na taɓa hango shi a kasuwa na shige shagon mai sayar da zannuwan mata, har sai da na sayi ɗankwalin da ba wanda ya aike ni. Na ce Shamsiyya ta gaya masa, ta ce in rufa mata asiri, ita 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kira, ta yaya za ta zauna tana koya masa ƙarfe? Muka bi ta wajen surukata Hajiya Kande. Na yi bayani dalla-dalla, Shamsiyya ta kai. Hajiya ta ga maganar ta yi nauyi, sai ta rage mata kaifi, ta ce masa surukinsa na gaida shi yana tambayar lafiyar jirgi. Baba ya ji daɗi, ya aiko mini da zabbi biyu. Na sake aikawa, aka kawo mini fura da nono. Yanzu firjina ya cika, farfela tana nan a ɗaure.

Asabar ɗin nan Maigandi ya gayyato abokansu na ƙuruciya su zo kallo. In wayar nan ta tsinke, farfela za ta zame ta nutse, jirgi ya tsaya cak a tsakiyar ruwa a gaban kowa. Maigandi ba zai bar zancen ba har abada. Abin da nake tsoro shi ne Baba ya ɗauki jirginsa ya jefa bayan ɗaki ya koma zaman zaure, kuma da kayan da na kawo. Shamsiyya ta ce za ta iya fito mini da jirgin a ɓoye in ya tafi masallaci, in kwance in mayar. Wata zuciyar kuma ta ce in roƙi Maigandi, tunda shi ba ya jin nauyinsa. Ko in yi shiru in bar wa Allah? Na rasa ta cewa.

Naki,
Surukin Mai Koren Jirgi, Gawon Nama

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Dariyar na yi, musamman wajen ɗankwali, Allah ya yafe mini. Amma na gama, kuma damuwarka ba ta wasa ba ce. Abin da ya tayar da tsoho daga tabarma ya fi ƙarfin a kira shi wasan yara.

Kunyar da kake ji abu ne mai kyau, kada wani ya ce maka ƙauyanci ne. Ita ta sa surukinka yake ganin girmanka. Sai dai an yi ta ne don a kare mutuncin babba, to in ta zama ita za ta sa ka zuba ido ya ji kunya a gaban tsaransa, ta bar aikinta. Shi ma Baba ba shi da laifi. A keken ɗinki gaskiyarsa ce, abin da ya yi sako-sako ɓata ɗinki yake yi. Ka aika masa baƙon ƙarfe a leda ba tare da bayani ba, ya yi masa abin da ya sani.

Zancen sato jirgi ka bar shi. Mai gyara ya san inda ya tsayar da kowane noti, kallo ɗaya zai yi ya gane an taɓa, ya sake matsewa, ku kuma ku zama waɗanda suka shiga kayansa a bayan idonsa. Maigandi kuwa, ka ba shi wannan labarin ka ba kura ajiyar nama. Kuma ka ƙyale Hajiya Kande ta huta, ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Kai za ka je da ƙafarka, da hantsi, lokacin da zaure ba kowa. Ka riƙe gwangwanin giris mai jure ruwa a matsayin tsaraba. Ka tsuguna yadda ka saba, ba sai ka ɗaga kai ba. Ka ce masa mai kayan ya ba ka saƙo game da wayar shaf ɗin, nauyi ya hana ka isarwa, ka zo ka sauke. Gaskiya ce, ba ƙarya a ciki. Ka faɗi abin da aka gaya maka: wayar tana gajarcewa in ta ɗauki nauyi, ana bar mata rata, tana son giris, kuma ba ta son juyin baya. Daga nan ka tambaye shi ko shi ya ga dalilin hakan, don kai ba ka san ƙarfe ba. Ka bar wayar a hannunsa ya murɗa ya gani. Mutumin da ya yi shekaru yana sauraron inji zai gane kafin ka rufe baki, wataƙila ma ya ƙara maka bayani. Kada ka taɓa sifana. Shi ya ɗaure, shi zai sassauta.

Yana iya ɓata rai, tsofaffi ba sa son gyara daga ƙasa. Ɓacin ran zaure na yini ɗaya ne, na bakin tafki kuwa da 'yan kallo. In ya ƙi ji, ka sauke naka nauyin. Sai ka je ranar Asabar ka tsaya daga nesa, da gajeren wando a ƙarƙashin riga. In jirgi ya tsaya, kada ka jira wani ya fara magana, ka faɗa ruwa ka ɗauko masa abinsa. Jama'a za su koma yi wa suruki mai iyo dariya, su manta da farfela, kuma wannan dariyar kai kana iya ɗaukar ta.

Allah ya ba ka ƙarfin gwiwa, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya sa koren jirgi ya riga na Maigandi isa gaci.

Taku,
Inna Adawiyya