Ruwan Wankan Rashida

Ƙofar Ƙaura, Katsina

Ƙanena Aliyu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya mutanen Zariya? Na rubuto ne don wannan ba zancen waya ba ne, gidan cike yake da 'yan barka.

'Yarka Rashida ta zo wankan gida, yau kwananta goma sha biyu da haihuwa. Tun shekaranjiya take jiri, kanta kamar ya tsage, jikinta duk ya yi ja. Aliyu, ni na jawo. Darbejiyar nan da ka shuka a bayan gida, inda Baba ya yi shekaru yana zubar da tina, ruwan nan na sirka fentin mota, ita nake karyo wa ganye ina mata wanka. Ka ce itatuwan za su tsotse gubar, ka zuba wasu ƙwayoyin halitta a saiwarsu su cinye ta, na ce to, ɗan boko. Wallahi na sha'afa. Na kashe ɗiyata ne?

Yayarka,
Safara'u

Zariya

Yaya Safara'u,

Ina gaishe ki, Allah ya raya jaririn. Ki kai Rashida asibiti da zarar takardar nan ta same ki, ki ce ta shaƙi tururin tina.

Ganyen bai ba ni tsoro ba sosai, ƙwayoyin suna lalata yawancin gubar tun a saiwa, amma ki daina. Ruwan nake tsoro. Idan aka tafasa shi, gubar tana tashi cikin tururi, mai jego kuma ta shaƙa safe da yamma. Ba dai kun buɗe rijiyar gidan da na rufe saboda tinar ba? Ki faɗa mini gaskiya.

Na tafi na bar ki da maganar tinar da Baba ya zubar, na ce kada unguwa ta ji sai itatuwan sun yi aikinsu. Yanzu ina shakkar wannan shawara tawa.

Ƙanenki,
Aliyu

Aliyu,

Gaisuwa. An ba Rashida gado a asibiti. Rijiyarka ko kallonta ban yi ba, kada ka ɗora mini wannan. Ruwan famfo ya ɗauke mana wata guda, sai maƙwabcinmu Malam Zakari ya ce, “Hajiya, mai jego ba ta sayen ruwa ina raye, a zo a ɗiba.” Rijiyarsa tana jikin katangarmu, taku biyar daga itatuwanka. Yau na ɗebo na shinshina. Warin garejin Baba ne sak.

Aliyu, layinmu kaf can suke ɗiba, har butocin masallaci. Jariri ma da shi nake masa wanka.

Safara'u

Aliyu,

Rashida ta tashi zaune, tana shayarwa. An ɗibi jininta da na jariri, sai Alhamis za mu ji.

Ban jira izininka ba. Na je na faɗa wa Malam Zakari komai, har sunan Baba. Bai yi faɗa ba, ya ɗauke guga daga bakin rijiya ya ajiye, ya tambayi shekara nawa itatuwan za su yi kafin ruwan ya gyaru. Na ce ka ce kamar goma. Sai ya dubi jikokinsa ya ce, “To, mu shekara nawa muka yi muna sha?”

Ka taho ka amsa masa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Safara'u